Asuwaki a Hannun Hagun Baba

Shekaru sun ja, idona ma ya fara gardama da kafar allura, abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Amma daminar da na yi ina fama da bakin mahaifina ba ta cikin abin da zai zube. Ko yau na ga mai tallan asuwaki a ƙofar masallaci, sai abin ya dawo mini sabo fil, har da ƙarar ruwan sama a kan kwanon gidanmu na Limawa.

Ni ce 'yar fari a wurin Baba, kuma duk wanda ya tashi a irin gidanmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana nemana sai ya ce da wanda ke kusa, "Kira mini waccan." In na shiga zaure yana cin abinci, zai ja faifai ya rufe kwano har sai na fita. Ƙannena suna hawa jikinsa suna ja masa gemu, ni kuwa gaisuwa ce daga nesa, kaina a ƙasa, shi ma nasa idon yana wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka ya ga iyayensa sun yi masa. Na san yana sona, domin duk tafiyar da ya yi a jirgi tsarabata ce ta fi ta kowa, sai dai ta hannun wani take iso mini.

Ma'aikacin jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya. Abin da mutanen unguwa suka san shi da shi kuwa shi ne asuwaki. Ba ya rabuwa da shi, kullum akwai ɗaya a aljihun gaba. Goro ma ba ya ci, wai yana ɓata haƙori. Ya tsufa da haƙoransa cif, farare tas, kuma ba ya ɓoye cewa yana taƙama da su.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ne ciwon ya same shi. Wata safiya yana alwala ya kife a tsakar gida. A asibiti aka ce mana shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka tafi, magana ta tafi, haɗiya ma ta tafi. Ko ruwa aka ɗiga masa sai ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Don haka suka zura masa wata siririyar roba ta hanci har ciki, suka manne ta da filasta a kumatu, suka ce ta nan zai riƙa ci da sha. Ba za a sa komai a bakinsa ba, ko da cokali ɗaya ne. Hankalinsa dai yana nan daram, in ka yi magana yana ji, kuma idonsa yana ba ka amsa.

Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Wadda ke gidan ita ce Gwaggo, yayar Baba, tsohuwa mai rawar hannu da kaifin harshe. Ƙanena da ke bi mini yana aikin masaƙa a Kaduna, sauran mata kuma aure ya kai su nesa. Ni ce a kusa, ina aure a Tudun Fulani ina sana'ar ɗinki. Maigidana bai yi musu ba, shi da kansa ya ɗauko motar da ta kai ni Limawa da keken ɗinkina da 'yan kayana. Wanka da sauya tufafi wani maƙwabcinmu ya ɗauke mana, sauran hidima duk tawa ce.

Na iya aikin robar nan har ina jin kaina. In dama kunu mai ruwa-ruwa, in zuba madara, wani lokaci in niƙa wake ko kifi in tace a rariya, in bari ya huce, in zuƙa a babban sirinji in tura a hankali, in bi da ruwa don kada robar ta toshe. Ina juya shi saboda kada bayansa ya yi gyambo. Ina yanke masa farce. Masu zuwa dubiya suna ta sa mini albarka. A cikin wannan duka, babu wanda ya tuna da baki a gidan. A tunaninmu wurin da abinci ba ya bi ba shi da abin wankewa.

Da wari ya fara fitowa na yi wa Gwaggo maganar. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce, "Ke dai da neman aiki. Mutumin da rabonsa da tauna tun kafin shuka, me ya ci da za a wanke? Wannan ai irin na bakin mai azumi ne, lada ne a wurinsa." Maganar ta zauna mini, na koma kan kekena.

Ruwa ya sauka sosai a shekarar. Ana tsakiyar damina Baba ya fara wani ɗan tari mara ƙarfi, sai zazzaɓi ya biyo baya. Gwaggo ta ce sanyi ne ya shige shi, ta sa aka rufe taga, aka lulluɓe shi da barguna, aka kawo kaskon wuta ɗakin. Ta kuma kafa doka, kada ruwa ya kusanci jikinsa, ko fuska kada a shafa masa. Ni ma a lokacin abin da na sani ke nan, ciwon haƙarƙari daga sanyi yake zuwa. Amma duk ɗumin da muka tara masa bai hana numfashinsa komawa sama-sama ba, ƙirjinsa yana wani gurgur kamar tukunyar da ta fara tafasa. Da na ga leɓensa ya sauya launi na fita titi na tare tasi.

Likitan da ya duba shi ya sa abin awo a ƙirji da baya, ya ce nimoniya ce, ta kama huhun dama sosai. Gwaggo ta ce, "Na faɗa, sanyin nan ne." Likitan ya juya kan Baba. Ya ɗauko 'yar tocila da wani ɗan katako, ya danne harshen Baba, ya kira ni ya ce in leƙa. Na leƙa, kuma har yau ban so abin da na gani ba. Harshen ya yi kauri da wani farin abu mai ratsin ruwan ƙasa, ganɗa ta bushe ta yi ɓawo, dasashi ya kumbura yana tsattsafar da jini. Haƙoran nan da ake labari sun dafe. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, da Baba zai ga wannan da idonsa, da kunya ta ishe shi.

"Hajiya, daga nan ciwon ya taso," in ji likitan, da muryar da ba faɗa a cikinta. Ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara masa ba. Ya ce daina cin abinci ba ya hana baki yin miyau, kuma bakin da ba ya tauna ya fi saurin tara datti, domin tauna da haɗiya su ne ke share shi. Mai lafiya in miyau ya nufi hanyar iska zai yi tari ya fitar. Shi kuwa Baba maƙogwaronsa ba ya rufewa yadda ya kamata, miyau yana silalewa zuwa huhu a hankali ba tare da kowa ya sani ba. In bakin da tsabta, abin da sauƙi. In kuwa haka yake, to ƙwayoyin cuta ne ake aika wa huhu dare da rana.

Gwaggo ta ce, "Yanzu miyan mutum ne zai kashe shi?"

"Zai iya, Mama," ya ce.

Mun daɗe a asibiti, ana allurai ana ƙarin ruwa. Wata nas mai haƙuri ta koya mini aikin. A tayar da shi zaune, a ɗan sunkuyar da kansa gaba don kada komai ya gangara maƙogwaro. A sami ƙaramin buroshi mai laushi, a jiƙa a yarfe, a bi haƙora da dasashi da harshe. A naɗa tsabtataccen ƙyalle a yatsa a kwashe abin da ya taru, a shafa ɗan mai a leɓe. Safe da yamma, ba fashi. Kuma in an ba shi abinci ta roba a bar shi a zaune na wani lokaci, kada a kwantar da shi nan take. Ita take yi ina kallo, Baba yana buɗe mata baki salin-alin. Ranar sallama likitan ya ja ni gefe ya ce, "Wannan karon ya sha. In ta dawo masa a wannan ƙarfin, ban yi miki alkawari ba."

Na biya kanti na sayi buroshin yara, shi kaɗai ne mai laushin da na samu, ja ne da hoton zomo a jiki. Washegari da safe na jingina Baba da matasai, na ja kujera na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, na ce, "Baba, buɗe bakinka." Ya dubi buroshin, ya dube ni, ya datse haƙoransa ya kau da kai wajen bango.

Na ɗauka gajiya ce, na bari sai yamma. Da yamma ma haka. Washegari haka. Na lallaɓa, na roƙa, na haɗa shi da Allah. Mutumin da rabin jikinsa ba ya motsi, amma muƙamuƙinsa ko ƙarfe albarka. Gwaggo ta ce in ba ta ta gwada, ya buɗe mata kuwa, sai dai hannunta na rawa ta zura buroshin har maƙogwaro, ya yi ta kakari muka tsorata. Maƙwabcin da ke masa wanka ya ce shi fa ya ji tsoron abin, kada ya yi kisan kai. Ƙyallen da nake samu in goga a leɓe da gefen kumatu bai kai ko'ina ba.

Kwanaki suka tafi, warin ya fara dawowa. Sai wata rana da hantsi na ji ɗan tarin nan mara ƙarfi, irin na farko sak. Ni mace ce mai saurin fushi, kowa ya sani, amma ban taɓa ɗaga murya a gaban Baba ba sai ranar. Na ce, "Baba, nas da ba ka san daga inda ta fito ba ka buɗe mata. Ni da ka haifa ka ƙi. So kake ka mutu a hannuna a ce ban kula da kai ba?" Bai juyo ba. Na ga hawaye ya gangaro ta gefen filastar. Na fita tsakar gida na zauna kusa da keke na yi kukana, na baƙin ciki da na tsoro a haɗe.

Ranar Lahadi ce, kuma duk Lahadi in an tashi coci aminin Baba yana biyowa. Bagwari ne, tare suka yi aikin jirgi tun suna samari, da ya yi ritaya ya koma noman doya. Shi a wurinsa kowa "kai" ne, mace da namiji. Ya same ni ido jawur, ya ajiye doyar da ya kawo, ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce in nuna masa buroshin. Da ya ga zomon sai da ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai yarinya, wannan ka kai wa aboki na? Mutumin da ko cikin jirgi yana goge hakori?" Ya share ido ya ce, "To, ba shi ne babba ba. A ina ka zauna?"

Na ce, "A gabansa mana, Baba. A ina zan zauna?"

"Shekara nawa, ka taba ganin ya ci abinci a gaban ka? Mutum bai yarda ka ga tuwo ya shiga bakin shi ba, yanzu ka ce ya bude ka duba ciki, kuma ciki ya lalace. Nas bakuwa ne, gobe ba ya ganin shi. Ba wanki yake gudu ba, idon ka yake gudu."

Na ce, "To ya zan yi? Ni kaɗai ce."

"Wannan kuma ban sani ba," ya ce, ya shiga wurin abokinsa ya bar ni.

Ina zaune ina kallon keken sai dabarar ta zo mini daga inda ban zata ba. In ina koya wa yarinya yanka, ba na tsayawa a gabanta, domin in tana kallon fuskata hannunta rawa yake yi. A bayanta nake tsayawa, in ba ta almakashi ta riƙe, in ɗora hannuna a kan nata. Ita ke yanka a ganinta, ni ke jan hannun. Hannun hagun Baba yana aiki, ƙarfi ne kawai babu da saiti.

Washegari na je asibiti na sami nas ɗin nan, na tambaye ta ko asuwaki zai yi. Ta ce zai yi in an daddaka bakinsa ya yi laushi sosai, a kuma yanke duk zaren da ya saki, don ko ɗaya ya tsinke ya bi maƙogwaro matsala ce. Ta ce kada in bar buroshi da ƙyalle, su ne za su kai lungu. Ta ba ni maganin tarin, ta ce in zazzaɓi ya biyo baya kada in kwana da shi a gida. A hanyar dawowa na tsaya wurin tsohon da Baba ke sayen asuwaki a hannunsa, na zaɓo irin wanda yake so.

Da yamma, ana yayyafi, na ja gadon daga bango, na tayar da shi zaune, na hau na durƙusa a bayansa yadda bayansa zai jingina da ni. Na shimfiɗa tawul a ƙirjinsa. Ban ce buɗe baki ba, ban ce komai ba. Na sa asuwakin a hannunsa na hagu na naɗe yatsunsa a kai. Ya daɗe yana jujjuya shi. Ya ɗago shi a hankali zuwa hanci, hannun yana karkarwa, ya shinshina. Sai na ɗora hannuna a kan nasa, na ƙarasa da shi zuwa baki, bakin kuwa ya buɗe.

Muka bi haƙoran gaba tare, sama da ƙasa, kansa a sunkuye, ni ina kallon ƙeyarsa da furfurar da ban taɓa gani kusa haka ba. Da muka gama na zare asuwakin na sa masa buroshin a hannu, na riga na naɗe zomon da ƙyalle. Ya ɗan tsaya, na ji ya yi wani huci ta hanci wanda na tabbata dariya ce, ya bari muka shiga lungunan. Na kwashe abin da ya fito da yatsa, ta gefe, ba tare da na leƙa fuskarsa ba. Gwaggo tana bakin ƙofa ta ce, "Oh, yau ga ɗinki a bakin mutum."

Haka muka ci gaba safe da yamma. A hankali ɓawon ya ɓare, dasashi ya daina jini, warin ya tafi, tarin ma ya lafa bai kai ga zazzaɓi ba. Don in ga inda hannuna yake zuwa, na rataye ƙaramin madubi a gefe, inda ni zan ga bakin shi kuma ba zai ga idona ba. Ina jin ya gane, bai dai nuna ba. Gwaggo ba ta taɓa yarda cewa ba sanyi ba ne, har ta koma ga Allah tana cewa bargunanta ne suka yi aiki. Amma ita ce ke fara tuna mini in rana ta yi: "Ke, ba ki yi masa asuwakin ba."

Bayan kaka ƙanena ya samu hutu ya zo daga Kaduna. Ya ga na rame, ya ce in koma ɗakina in huta, shi zai riƙe Baba har hutunsa ya ƙare. Na ji daɗi, domin gaskiya na gaji, kuma 'ya'yana suna can. Na nuna masa komai, na haɗa kayana. Da safe kafin in tafi na tsaya a bakin ƙofa in ga yadda zai yi. Shi ɗan lelen Baba ne, wanda ya yi wasa da gemunsa, don haka ya zauna a gabansa kai tsaye da asuwaki a hannu yana tsokanarsa, "Alhaji, a buɗe mana tasha jirgi ya shigo."

Baba bai buɗe ba. Bai kuma kau da kai ba. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu a hankali, ya kai shi bisa kafaɗarsa, ya buɗe tafin yana lalube a bayansa, inda babu kowa sai bango.

Ƙanena ya ce, "Me yake nema?"

Gwaggo ta juyo ta dube ni ta ce, "Ke yake kira."

Na ajiye jakar a ƙasa, na ja gadon, na hau bayansa na sa hannuna a cikin nasa. Ya riƙe shi da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya daɗe bai saki ba. Mutumin da bai taɓa kiran sunana ba tun da ya haife ni, ranar ya kira ni a gaban mutane. Na koma gidana a ranar kamar yadda aka shirya, amma kullum safe da yamma ina kan hanyar Limawa.

Baba ya ƙara wasu shekaru da robarsa. Tari yakan zo ya wuce, amma ba mu sake kwanciya asibiti saboda huhu ba. Ciwon farko ne ya sake bugunsa ya tafi da shi. Waɗanda suka yi masa wanka sun ce da ƙanena ba su taɓa ganin majinyacin da ya daɗe a kwance da haƙora irin nasa ba, kuma na san da zai ji wannan da ya ji daɗi.

Tun daga lokacin, duk gidan da na shiga dubiya na ga mai roba a hanci, bayan gaisuwa abin da nake fara tambaya shi ne wa ke wanke masa baki. Wasu su yi mini kallon mai shisshigi, ban damu ba, ina faɗa musu abin da likitan nan ya nuna mini da tocila. Na koyi cewa bakin da ya daina ci ya fi mai ci bukatar wanki, kuma sakaci da shi yana iya kai mutum kabari. Na kuma koyi cewa ciwo yana ƙwace wa mutum hannu da ƙafa da harshe, amma ba ya ƙwace masa kunyarsa. In za ka yi jinyar babba, ka nemi inda za ka tsaya ka taimake shi ba tare da ka tsaya a kan mutuncinsa ba. Ni a bayan Baba na sami wurina.